Gwajin lalurar Down lokacin juna biyu a Zariya: wanda ya cancanci kuɗinki da wanda zai hana ki barci a banza

Daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, daga PZ zuwa Samaru, wuraren ɗaukar hoton ciki sun yawaita. Wasu daga cikinsu, tare da wasu ɗakunan gwajin jini, sun ƙara wata hidima a kan wadda aka saba: duba ko ɗan da ke ciki yana ɗauke da lalurar Down, wadda jama'a kan haɗa da wasu lalurorin su kira galahanga. Hukuncinmu a kan wannan hidima, mu da muke aikin awon ciki, shi ne gwajin kansa yana da amfani ƙwarai, amma yadda ake yin sa a wurare da dama yana bukatar gyara. Mace takan biya kuɗi, a miƙa mata takarda mai lambobi, babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani, ta koma gida ta kwana ido biyu har wata biyar. Mafi yawan wannan zullumi ba shi da dalili.

Kowane ɗan Adam yana da kuromozom 46, wato ƙananan zare masu ɗauke da bayanan gado, a cikin ƙwayoyin halittarsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Mai lalurar Down galibi yana da 47, saboda mai lamba 21 ya zo uku maimakon biyu. Likita John Langdon Down ne ya siffanta lalurar a Ingila a 1866, aka gano kuromozom ɗin da ya ƙaru a Faransa a 1959. A kusan kashi 95 cikin ɗari na masu lalurar, sanadin shi ne kuskuren rabuwar kuromozom da ke faruwa a ƙwan mace ko maniyyin namiji tun ciki bai shiga ba. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba fita da magariba ba ce, ba wanka a rafi ba ne, ba sammu ba ne, kuma babu maganin da za ta sha ya hana ko ya kawo shi. Abin da aka tabbatar yana ƙara yiwuwarsa shi ne shekarun uwa. Mai shekara 25 tana da kusan ɗaya cikin 1,250, mai 35 kusan ɗaya cikin 350, mai 40 kusan ɗaya cikin 100, mai 45 kuwa kusan ɗaya cikin 30. A gari irin namu da mata ke haihuwar auta bayan sun haura arba'in, wannan lissafi ya shafi gidaje masu yawa. Duk da haka matan da ba su kai 35 ba su ne suka fi haifar irin waɗannan yara, don su ne suka fi yawan haihuwa.

Gwaje-gwajen iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen tashin hankalin. Akwai na tantancewa, wato hoton ciki da gwajin jinin uwa, akwai kuma na tabbatarwa da ake yi da allura. Na tantancewa kamar tankaɗe yake: rariya takan tare duk abin da ya yi girma, tsaki da tsakuwa gaba ɗaya, sai an sa hannu an duba kafin a san wanne ne wanne. Duk abin da ake tallatawa a wuraren sikanin da ɗakunan gwaji na cikin gari na tantancewa ne. Babu ɗaya a cikinsu da zai iya cewa "ɗanki yana da shi".

Matakin farko shi ne awon ruwan ƙeya, wanda ake rubutawa NT a takarda. Kowane ɗan tayi yana da ɗan ruwa ƙarƙashin fatar ƙeyarsa a ƙarshen wata na uku. Idan ruwan ya yi kauri, yiwuwar lalurar Down ko ciwon zuciya takan ƙaru. Lokacin awon ƙanƙane ne: daga sati 11 zuwa sati 13 da kwana 6, lokacin da tsawon ɗan daga kai zuwa mazaunai yake tsakanin milimita 45 da 84. Bayan nan jiki yakan shanye ruwan, awon ya zama ba shi da ma'ana. A nan hidimar ta fi yin tuntuɓe a Zariya, kuma ba laifin masu na'ura ba ne kaɗai. Mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar. Mai cikin fari tana jin nauyin faɗa, wata tana ɓoyewa don gudun baki, mai kwanika kuwa ba ta ga al'ada ba balle ta san ranar da za a fara ƙirge. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo kafin ciki ya wuce sati 12. Wadda ke son wannan gwaji ta je a yi mata hoton ƙirge da zarar ta yi ɓatan wata biyu, a rubuta mata ranar da za ta dawo. Duk wurin da ya karɓi kuɗin NT daga mace mai cikin sati 16 ya sayar mata da abin da babu.

Ko an zo a kan lokaci, awon yana bukatar hannu. Ga yadda hoton kirki yake a kan allo: ɗan yana kwance rigingine, ana ganin fuskarsa ta gefe, goshi da karan hanci da haɓa a jere. An ƙara girman hoton har kai da saman ƙirji kaɗai suka cika allon. Wuyan bai lanƙwashe ya haɗe da ƙirji ba, bai kuma miƙe baya ba, domin lanƙwashewa tana rage ma'aunin, miƙewa tana ƙara shi. A bayan ƙeya akwai wani baƙin layi siriri tsakanin farare biyu, kuma a kan gefen ciki na fararen ake ɗora alamomin awo. Ana jira ɗan ya motsa ya ɗaga daga jikin jakar da yake ciki, don kada a ɗauki fatar jakar a matsayin fatar ƙeyarsa. Wannan kuskure yakan haifar da ma'auni mai ban tsoro ga ɗa lafiyayye. Ana aunawa fiye da sau ɗaya a ɗauki mafi girma. Bambancin da ake nema bai wuce rabin milimita ba, shi ya sa aikin kan ci minti ashirin ko fiye, wani lokaci a ce mace ta tashi ta zaga ta dawo. Inda layi ya kai ƙofa, ana sallamar kowace mace cikin minti uku kafin man janareta ya ƙare, ba wurin wannan awo ba ne, ko da sun iya duba kwanciyar ɗa da bugun zuciya.

Ki duba takardar kafin ki bar wurin. Ya kamata ki ga tsawon ɗan, wanda ake rubutawa CRL, da kaurin NT a milimita, da hoton da aka auna a kai an manna. Idan an rubuta "lafiya lau" kawai babu lamba, ba a yi awon ba. Ma'aunin da ya kai milimita 3.5 ko ya wuce shi ake ɗauka da muhimmanci, kuma ko a nan yara da yawa lafiya ake haifarsu. Ba rashin kunya ba ne ki tambayi mai na'urar ko ya sami horo na musamman a kan NT. Cibiyar Fetal Medicine Foundation da ke Landan tana ba da shaidar ƙwarewa a kan wannan awo, kuma wanda yake da ita ba zai ji haushin tambayar ba.

Awon ƙeya shi kaɗai, haɗe da shekarun uwa, yana kama kusan kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na masu lalurar. Idan aka haɗa da gwajin jini mai auna sinadarai biyu, PAPP-A da beta hCG, yakan kai 85 zuwa 90. Idan ɗan da ke ciki yana da lalurar, na farkon yakan yi ƙasa, na biyun ya yi sama. Kwamfuta ce ke haɗa lambobin ta fitar da sakamako, kuma abin da aka ba ta shi za ta dafa. Ana bukatar nauyin mace na ranar da aka ɗibi jinin, ba na katin awon bara ba. Ana bukatar sanin ko tagwaye ne, ko tana da ciwon suga, ko ta hanyar dashen ƙwai aka sami cikin. Ana bukatar a nuna cewa baƙar fata ce, domin PAPP-A a jinin matan Afirka ya fi na Turawa yawa, idan ba a gyara lissafin ba sai sakamako ya fito da kyau fiye da gaskiya. Sai kuma shekaru. Idan an rage miki shekaru a takardar haihuwa saboda makaranta ko aiki, ki faɗi na gaskiya a wannan fom ɗin. Mace mai 39 da aka rubuta 33 ta sayi sakamakon wata ce daban.

Yawancin masu ɗibar wannan jini ba a nan suke auna shi ba, aikawa suke yi zuwa manyan ɗakunan gwaji a wasu garuruwa. Beta hCG kuwa ba ya son zafi. Idan jini ya daɗe a kwalba ba a tace shi an raba ruwansa ba, musamman a zafin Maris da Afrilu, ma'auninsa yakan hau, sakamako ya fito da haɗarin da babu shi. Don haka ki tambaya: a nan ake tace jinin bayan an ɗiba? A cikin kula da ƙanƙara ake aika shi? Wace rana ake aikawa? Gara ki bayar ranar Litinin ko Talata da ki bayar ranar Juma'a da yamma ya kwana uku a firij da ke jiran a kawo wuta. Wuraren da suka amsa waɗannan tambayoyi kai tsaye, ba kame-kame, su muke ba mata shawarar zuwa.

Sai takardar sakamako, inda muke ganin hidimar ta fi gazawa. Za ki ga an rubuta lamba kamar 1:120, wani lokaci da jan rubutu cewa haɗari ya yi yawa. Ma'anarta ita ce, a tara mata 120 masu sakamako irin naki, ɗaya ce take ɗauke da ɗa mai lalurar, 119 ba sa ɗauke da shi. An kira shi mai yawa ne saboda ya haye layin da ɗakin gwajin ya ja. A Ingila layin yana kan 1:150, wasu wuraren suna amfani da 1:250 ko 1:300, don haka sakamako ɗaya zai iya zama ja a nan, ya zama fari a can. An tsara gwajin ne yadda kusan biyar cikin kowace mace ɗari za su faɗa ɓangaren ja. A mata dubu, kusan hamsin ke nan za a ɗaga wa hankali, alhali masu lalurar a cikin dubun ba su wuce ɗaya ko biyu ba. Wannan bayani ba ya cin minti biyar. Bai kamata a tura irin wannan sakamako ta WhatsApp da daddare ba, ko a bar yaron kanta ya miƙa shi yana cewa "Hajiya, sai dai addu'a". Haka kuma 1:2,000 ba alkawari ba ne, yana nufin yiwuwar ta yi ƙasa sosai.

Wadda ta wuce sati 14 tana da gwajin jini mai sinadarai huɗu da ake yi tsakanin sati 15 da 20. Yana kama kusan kashi 80 cikin ɗari, amma ya dogara kacokan a kan daidai ƙirgen ciki. Kuskuren sati biyu ya isa ya juya sakamakon. In babu hoton da ya tabbatar da satin ciki, kada a ɓata kuɗi.

Wanda ya fi kowanne kyau a cikin na tantancewa shi ne NIPT, gwajin da ke duba ƙwayoyin gadon ɗan tayi a jinin uwa. A 1997 Farfesa Dennis Lo ya gano cewa ɓurɓushin ƙwayoyin gado na ɗan tayi suna yawo a jinin uwa, aka fara sayar da gwajin a 2011. Ana ɗibar jini daga hannu tun daga sati 10, a kwalba ta musamman mai hana ƙwayoyin jinin uwa fashewa, kuma yana kama fiye da kashi 99 cikin ɗari na masu lalurar Down. Shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba, farashinsa yana bin dala, sakamakon kuma yakan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu. Ga mace mai shekara 38 ko 40, ko wadda gwajin farko ya ba ta ja, kuɗin da aka kashe a kansa bai tafi a banza ba, domin idan ya fito fari hankali yakan kwanta ba tare da an sa allura a ciki ba.

Amma masu tallarsa sukan zarce. Ɓurɓushin da ake aunawa daga mabiyiya suke fitowa, kuma wani lokaci mabiyiya tana da kuromozom na ƙari alhali ɗan ba shi da shi. Idan cikin tagwaye ne ɗaya ya lalace tun farko, nasa ɓurɓushin zai iya ɓata sakamako. A mace mai ƙananan shekaru, jan sakamako ya fi yiwuwa ya zama na ƙarya fiye da a babbar mace. Akwai kuma sakamakon da ke dawowa babu amsa, saboda rabon ɗan a cikin jinin bai kai kusan kashi huɗu cikin ɗari ba, abin da ya fi faruwa ga mata masu jiki sosai ko idan an yi saurin ɗiba. Kafin ki biya, ki tambaya ko za a sake ɗiba kyauta idan haka ta faru, a rubuta a rasit. Kuma ba ma ba da shawarar ƙarin kuɗi don faffaɗan kunshin da ke duba lalurori masu wuyar samu barkatai. A nan ƙararrawar ƙarya ta fi yawa.

Hoton wata biyar, tsakanin sati 18 da 22, kowace mai ciki ya kamata ta yi shi ko da ba ta damu da wannan batu ba. Yana duba zuciya, ƙwaƙwalwa, hanji, ƙoda da ƙashi. Abubuwan da ke da nauyi su ne rami a tsakiyar zuciya, toshewar farkon hanji da ke bayyana kamar kumfa biyu a cikin ɗan, da fatar ƙeya mai kaurin milimita 6 ko fiye. Akwai kuma ƙananan alamu da ake rubutawa su firgita mutane: ɗigon haske a zuciya, ɗan faɗin mazubin ƙoda, ƙashin cinya da ya ɗan gaza. Ɗaya daga cikinsu shi kaɗai, ga macen da sauran gwajinta ke da kyau, kusan ba ya nufin komai. Rashin ganin ƙashin hanci ma ya fi yawa a lafiyayyun 'ya'yan baƙar fata fiye da na Turawa, don haka ba a yanke hukunci da shi. A ɗaya gefen, kusan rabin yara masu lalurar ba sa nuna komai a wannan hoto.

Tabbaci sai da allura. Tsakanin sati 11 da 14 ana ɗibar ɗan ƙanƙanin yanki na mabiyiya, daga sati 15 kuma ana zuƙo ruwan faya kamar mililita 15 zuwa 20, duka ana kallon allurar a na'ura. Sakamakon gaggawa yakan fito cikin kwana uku na aiki, cikakken ƙirgen kuromozom kuma sati biyu zuwa uku. A hannun ƙwararre haɗarin ɓari bai kai ɗaya cikin 200 ba. Dole a san matsayin mace a kan cutar HIV da ciwon hanta kafin a yi, kuma mai rukunin jini nagetif tana bukatar allurar anti-D bayan an gama. Zubar ruwa, jini, zazzaɓi ko ciwon mara mai ƙaruwa bayan aikin suna nufin a koma asibiti nan take. Ba aikin shagon sikanin ba ne ko kaɗan. Hanyar da ta dace ita ce a ga likitan mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da duk takardun a hannu, shi zai duba ko ana bukata ya kuma faɗi inda za a yi. Ma'auratan da dukansu AS ne su ambata, domin da samfuri ɗaya ana iya duba sikila.

Akwai tambayar da ya kamata a yi tun kafin a ɗibi jinin farko, kuma da wuya mu ga wurin gwajin da ke yin ta: me za ku yi da amsar? A Arewa dokar Penal Code ba ta halatta zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, mazhabar Malikiyya da aka fi bi a nan tana da tsanani a kan batun, haka ma coci-coci. Ga mafi yawan iyalai a Zariya amfanin sani shi ne shiri. Wadda ta san cewa lambar za ta hana ta ci da barci, kuma ba za ta yarda da allura ba, tana da cikakken 'yancin cewa ba ta so, ta tsaya a hoton wata biyar. Wannan zaɓi ne mai hankali, kada wani ya sa ta ji kamar ta yi sakaci. Maigida kuma ya zo a yi bayanin a gabansa. Idan mace ta koma gida ita kaɗai da jan sakamako, ita za ta fassara wa miji da uwar miji abin da ita ma ba ta gane ba, kuma sau da yawa a kanta laifin ke ƙarewa.

Idan an tabbatar ɗan yana da lalurar, shirin yana da fuska sananniya. Kusan rabin waɗannan jarirai suna zuwa da matsalar zuciya, don haka a haihu a asibitin da ke da sashen jarirai da likitan yara, ba a gida ba, a yi hoton zuciya a makonnin farko ko da jaririn yana kama da mai lafiya. A duba aikin tayirod, ƙullun wuya da kumburinsa ake kira maƙoƙo, ta gwajin jini bayan haihuwa, a maimaita a kai a kai, saboda ƙarancin sinadarinsa yana ƙara jinkirin girma kuma ƙwayar magani tana gyara shi. A duba ji da gani. Jaririn da ke amai kore ko bai yi kashin farko ba cikin kwana biyu a kai shi asibiti da gaggawa. Jikinsu yakan yi laushi, kama nono ya yi wuya da farko. A tallafe haɓa da hannu, a tashe shi ya sha duk bayan awa biyu zuwa uku, a tatsa a ba shi da kofi idan ya gaji. Gashin ƙashi tun yana watanni yana taimaka masa ya zauna ya yi tafiya. Inda ake samun irin wannan kulawa, masu lalurar Down suna zuwa makaranta, suna koyon sana'a, suna kai shekara 60. Gidauniyar Down Syndrome Foundation Nigeria da ke Legas tana aiki da iyaye tun 2001, kuma likitan yara a Shika zai tsara ranakun da za a riƙa kawo yaron a duba shi.